Nasiha ga masu kula da rumbun bayanai: kowace manhaja tana da wa'adi

'Yan'uwana matasa da aka ɗora wa amanar kula da rumbun bayanai, akwai wata magana da nake yawan ji daga bakinku wadda ba ta kwanta mini ba, wato "ai yana aiki, a bar shi." Manhaja tana iya ci gaba da aiki shekara da shekaru bayan masu ita sun janye hannunsu daga kanta, domin ranar da wa'adinta ya cika babu ƙararrawar da za ta kaɗa, kuma bayanai za su ci gaba da shiga suna fita kamar jiya. Abin da ya sauya shi ne, daga ranar duk ɓarakar tsaron da aka gano a cikinta babu mai toshe ta, alhali sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wa'adin nan ba a ɓoye yake ba, ku duba manhajojin rumbun bayanai irin su PostgreSQL da SQL Server da MySQL. Masu PostgreSQL suna fitar da babbar siga kowace shekara, su kula da ita tsawon shekara 5, shi ya sa siga ta 12 ta kammala nata a watan Nuwambar 2024. Microsoft yakan ba SQL Server shekara 10, biyar na farko da cikakkiyar kulawa, biyar na ƙarshe kuma gyaran tsaro ne kawai. A haka SQL Server 2014 ya kai ƙarshe a ranar 9 ga Yulin 2024, wanda kuma yake son ƙari sai ya biya kuɗi, shi ma bai wuce na shekara 3 ba. MySQL 5.7, wanda ya fito a 2015, wa'adinsa ya ƙare a Oktoban 2023. Saboda haka ranar da kuka girka manhaja, a ranar ya kamata ku rubuta lokacin ƙarewarta inda shugabanninku za su gani, tun da su ne za su ware kuɗin sauyawa.

Wanda yake ganin na cika tsoro, ya tuna da abin da ya faru a watan Janairun 2003, lokacin da tsutsar kwamfuta mai suna Slammer ta bi ta wata kafa a SQL Server 2000, ta harbi kwamfutoci kusan 75,000 cikin minti goma. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan kafa wata shida kafin nan, mutane ne ba su ɗora ba. To, idan haka ta faru ga waɗanda maganinsu yana nan ajiye, ina ga wanda an daina haɗa masa maganin gaba ɗaya?

Na taɓa shiga wani wurin aiki na tarar da uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, a lungu, an manna mata takarda an rubuta "kada a taɓa." Wanda ya girka ta ya daɗe da barin aiki, waɗanda suka gaje shi kuma tsoron sabunta ta suke yi, domin babu wanda ya san abin da zai karye. Ban ga laifin tsoron nasu ba, laifin yana ga jinkirin da ya haife shi, saboda kowace shekara da aka ƙara, tazarar da za a tsallaka ƙara faɗi take yi. Mai MySQL 5.7 ba zai iya tsallakawa kai tsaye zuwa 8.4 ba, dole sai ya bi ta 8.0, a can kuma zai tarar an sauya hanyar tantance kalmar sirri, ta yadda wasu tsofaffin manhajojin da ke magana da rumbun za su kasa shiga. Irin wannan a na'urar gwaji ake gano shi, cikin natsuwa, watanni kafin wa'adi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafin ajiya kuwa, wanda ba ku taɓa gwada dawo da shi ba, kada ku saki jiki da shi.

Sannan kada hankalinku ya tsaya a kan rumbun kaɗai ku manta da manhajar da kuke shiga cikinsa da ita, wadda sau da yawa a cikinta ake adana kalmomin sirri na shugaban rumbu. An daina kula da pgAdmin III bayan fitowar pgAdmin 4 a 2016, amma har yanzu akwai masu riƙe da shi don kawai hannunsu ya saba. Haka nan Microsoft ya sanya 28 ga Fabrairun 2026 a matsayin ranar ritayar Azure Data Studio, ya shawarci masu amfani da shi su koma Visual Studio Code. Ita ma phpMyAdmin da aka bari buɗe ga intanet da tsohuwar siga tana cikin ƙofofin da 'yan kutse ke fara ƙwanƙwasawa, don haka ku sanya ta cikin jerin abubuwan da kuke duba wa'adinsu.