Injin niƙan Kilbeggan

Duk sanda motar Dublin ta ratsa da ni ta Kilbeggan, wani ɗan ƙaramin gari a tsakiyar ƙasar Ayalan, idona kan wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe yake, wadda ruwan kogin Brosna ke juyawa a jikin wani tsohon gini. Wata Asabar na zuba shadda, na kafa hula, na sauka. Tun kafin in shiga na ɗauki hoto na tura zauren WhatsApp na gidanmu: "Ga injin niƙan Turawa, ba ruwansa da fetur ko ɗauke wuta."

A ciki, mai zagayawa da baƙi ta ce tun 1757 wurin ke da lasisi, kuma iyalan Locke sun karɓe shi a 1843. Ta nuna mana duwatsun niƙa, na gyaɗa kai irin na masani. Sha'ir ake niƙawa, in ji ta. Madalla. Sai a jiƙa, a bar shi ya tsima, a dafa a tukwanen tagulla. Nan hancina ya fara ba ni labari. Wiski! Ni da ko burkutu ban taɓa yarda inuwarta ta taɓa ni ba, ga ni tsakiyar ganguna da carbi a aljihu.

Da ta ce an rufe wurin a 1957, na ce alhamdulillahi a fili, har wani dattijo ya waiwayo. Ashe da sauran rina a kaba: wani Bajamushe ne ya saya, ya sayar da barasar da ta rage, ya zuba aladu a ciki. Mutanen garin suka gyara shi ya zama gidan tarihi a 1982, a 2007 kuma aka koma dafa abin.

Aka fito da ƙananan kofuna na ɗanɗano. Na ce azumi nake, alhali ga biskit a hannuna.

Ina fitowa na tarar da saƙonni sun taru. Kawu na tambayar kuɗin injin, wai a kafa irinsa a ƙauye don niƙan dawa. Wani ɗan yayata mai shegen bincike ya riga ya karanto sunan da ke jikin ginin, ya liƙa bayanin kaf. Sai ga kiran Hajiya.

"Kai, karatun ke nan? Me ka je niƙawa?"