Ba a fafe gora ranar tafiya

'Yan'uwana matasa, duk ranar da wata masifa ta afku, mu ne farkon isa. Kafin motar kwana-kwana ta taso, kafin jami'an NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, su samu labari, samarin unguwa sun cika wurin. Zuciyar taimako kam muna da ita. Matsalar ita ce da yawanmu in mun isa ba mu san abin yi ba, sai ihu da salati da ɗaga waya sama.

Ku tuna Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, watan Oktoban 2024. Tankar mai ta faɗi, jama'a suka yi dafifi, wuta ta tashi, aka rasa mutum sama da 150. Wata uku kacal bayan haka aka maimaita a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. A irin wannan wuri ɗan agaji na gaskiya shi ne wanda zai tare hanya, ya kori mutane nesa, ya hana kunna janareta ko tayar da babur. Za a zage shi, ba shakka. Ya daure.

To, wannan sanin koyonsa ake yi, kuma ba ranar da abu ya faru ba. Ƙungiyar Red Cross na koyar da taimakon gaggawa, haka ma 'yan agajin masallatanmu, waɗanda muke yi wa kallon masu gyara sahu da tsaron takalma kawai. Ku shiga cikinsu. A can za ka ji cewa wanda ya ƙone ruwa mai sanyi ake ta kwarara masa har kamar minti 20, ba manja ko man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, kwantar da shi ake yi ta gefe. Wanda ya yi hatsari kuma, a daina ciccibarsa kamar buhun masara ana cusawa a Keke Napep. In wuyansa ko gadon bayansa ya taɓu, da hannunka za ka ƙarasa nakasa shi. Jini na zuba? Danne wurin da tsumma mai tsabta, kada ka saki.

Ambaliya ma haka. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, cikin dare ruwa ya shiga Maiduguri. In ba ka iya iyo ba, kada ka yi jarumtar banza. Jefa igiya ko jarka marufe wadda ba kome a ciki. Bayan ruwa ya janye kuma kwalara ke biyowa, don haka ka iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Akwai aikin da ba ya buƙatar horo ko kwabo. Ku zauna a majalisarku ku lissafa gidajen layinku: ina tsohuwar da ba ta iya tafiya, ina mai jego, ina makaho, wace tsangaya ce ke bakin kwata? Ku sanar da mai unguwa, ku raba wa juna gidajen. Kowa ya san rukunin jininsa, ya adana lambar kiran gaggawa ta 112 a wayarsa, da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra. Kwalbatin ƙofar gidanku kuwa, ku yashe ta tun kafin ruwan farko ya sauka.