Waya ba za ta yi aikin jami'in walwala ba

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu masu faɗa a ji a harkar lafiya ke ta nanata cewa korona ta nuna ana iya yin aikin jami'an walwala na asibiti, wato ma'aikatan da ke tallafa wa marasa lafiya kan matsalolin kuɗi da na iyali, ta waya. Duk wanda ya ga halin da masu ciwon daji suka shiga a Legas a 2020 ba zai furta wannan magana ba.

Korona ta ɓulla a Legas ranar 27 ga Fabrairu, aka kulle birnin ranar 30 ga Maris. Ba motocin haya na danfo, ba kasuwa, ga ranar ganin likita tana ƙaratowa, kuma yawancin marasa lafiya daga aljihunsu suke biyan magani. A kan wa nauyin ya faɗa? A kan jami'in walwala, shi da ke rubuta takardar neman rangwame, ya bi masu hannu da shuni, alhali gudummawa ta koma wajen korona. Da aka taƙaita shigar 'yan uwa ɗakin jinya, har zaman majinyaci ya dawo kansa.

Ɗauki mace mai sankarar mama a Agege, wadda za ta je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba. Lambar da ke katinta ta maigida ce. Turanci da Yarbanci sama-sama take ji. Ko an same ta, a ɗaki ɗaya take da yara da uwar miji. Ta yaya za ta buɗe baki ta ce ta daina zuwa saboda an ce za a yanke nonon, ko an fara ba ta jiƙo? "Lafiya lau, alhamdulillahi" kawai za ta ce. Sai an zauna da ita ido da ido ake ganin ramar, a kira mijin gefe a lallashe shi.

Masu cewa waya na rage kuɗin mota, lissafin ofis suke yi. Abin kunya ne a ce za a yi tsimi a kan mutanen da ciwo ya riga ya talauta.

Gwamnatin jiha da ta tarayya su ƙara ɗaukar waɗannan ma'aikata, har da masu jin Hausa, kuma a sa su cikin ma'aikatan da dokar kulle ba za ta hana fita ba, tun kafin wata annobar ta zo.