Saukar Starliner lafiya ba hujja ba ce

Tun da kumbon Starliner na kamfanin Boeing ya dawo duniya babu kowa a ciki a watan Satumban 2024 nake jin wata magana da ke tsaya mini a rai. Shekaranjiya ma na sake jin ta a wata majalisa a Wunti, nan Bauchi. Wai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta cika tsoro: ga kumbo ya sauka lafiya, don me aka bar Butch Wilmore da Suni Williams, 'yan sama jannatin da ya kai sama, a tashar sararin samaniya har Maris na 2025, tafiyar kwana takwas ta koma ta wata tara?

Mai wannan magana bai san da jinin mutum nawa aka sayi tsoron nan ba.

A daren 27 ga Janairun 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol mai ƙera wa NASA rokoki, cikinsu har da Roger Boisjoly, suka ce kada a harba kumbon Challenger, domin sanyi zai sandarar da zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar. Manyan NASA suka nuna ɓacin rai, shugabannin kamfanin suka keɓe suka janye ƙorafin. Washegari, daƙiƙa 73 da tashi, kumbon ya tarwatse da mutum bakwai.

Na kumbon Columbia ya fi ci mini rai, don a can akwai lokaci. Ranar 16 ga Janairun 2003 wani ɓallin soso ya fizgo daga tankin mai ya daki fiffiken hagu. Kumbon ya yi kwana 16 a sama. Injiniyoyi irin su Rodney Rocha suka nemi a roƙi sojoji su ɗauko hoton fiffiken da na'urorinsu. Kwamitin NASA mai kula da tafiyar, wanda Linda Ham ke jagoranta, ya kashe maganar, bisa cewa soso ya sha faɗowa a baya ba abin da ya faru. Ku duba wannan hujja da kyau, ita ce dai ta mutumin majalisar Wunti. Ranar 1 ga Fabrairu Columbia ya wargaje a samaniyar Texas, wasu bakwai suka tafi.

A lokutan biyu an juya wa injiniya tambaya. Maimakon shugaba ya nuna cewa tafiya lafiya ce, sai aka ce injiniya ya kawo shaidar cewa za a mutu. Ina zai samo ta, bayan an hana shi hoton da zai duba?

Starliner kuwa injinan tuƙinsa biyar ne suka tsaya lokacin da yake kusantar tashar, ga iskar heliyom tana yoyo, kuma ba a gama gano musabbabin ba. Boeing na cewa ba komai. Wannan karon NASA ta saurari masu shakka. Masu cewa an zubar da kuɗi da mutuncin kamfani su je su faɗa wa iyalan mutum 14.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Injiniya zai rubuta cewa kwalbatin nan ba zai ɗauki ruwan Agusta ba, oga ya ce ranar Litinin za a yanke kyalle, a sa hannu kawai. In damina ta wuce lafiya, injiniya ya zama mai baƙin baki. In ruwa ya tafi da gada da motar fasinja, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, takardarsa kuma ta ɓace a cikin fayil. Ni dai ina ganin duk shugaban da zai tsallake gargaɗin injiniya, a sa shi ya rubuta dalilinsa da sunansa a ƙasan takardar, a ajiye kwafi inda ba shi ke riƙe da makulli ba.