Fulotin Alhaji a Zanzibar

(Alhaji Bakano da Malam Bazazzagi sun yi hayar mota a tsohon garin Zanzibar, sun nufi Paje a gabashin tsibirin, tafiyar kilomita kamar 50. Tanti da tabarma da ƙunshin kilishi na bayan mota. Bakano ke tuƙi.)

BAZAZZAGI: Alhaji, hagu! Koma hagu, ga motar haya nan tafe!

BAKANO: Shi ya kauce mana. Ni a hannuna nake.

BAZAZZAGI: Hannunka na Kano. Nan ta hagu ake tuƙi. Ba ka ga sitiyarin ma a dama yake ba?

BAKANO: Na gani. Na ɗauka aikin bakanike ne, shi ya sa na matsa sai da aka yi min ragi.

BAZAZZAGI: Mu ma a Najeriya haka muke tuƙi kafin 1972.

BAKANO: To ai mun tuba.

BAZAZZAGI: Sassauta, mun shigo dajin Jozani. Akwai wasu jajayen birai da babu irinsu a duniya sai Zanzibar. Kuɗi ake biya a shiga kallonsu.

BAKANO: Biri? A biya? Ni da nake biyan yaro ya kore min su daga gonar masara! Bawana, tuna min idan mun koma, an daɗe ana cutata.

(Sun isa Paje da la'asar. Teku ya janye can nesa, sai farin yashi iya ganin ido.)

BAKANO: Ikon Allah! Ina tekun da muka biya kuɗin jirgi?

BAZAZZAGI: Ya janye. Zai dawo.

BAKANO: Haka duk wanda ya ci bashi yake cewa. Kai, dubi fili! Ba kwata, ba maƙwabci, ba mai unguwa. Tsaya, waɗancan turakun fa? Har an fara yanka fuloti ba a gaya min ba?

BAZAZZAGI: Gonar mata ce. Ciyawar teku suke ɗaurawa a igiya tsakanin turaku, in ta girma su shanya ta, a saya a kai ƙasashen waje.

BAKANO: To ni ma na kama daga nan zuwa wancan kwalekwalen da ke kwance a yashi. Sauke tanti.

BAZAZZAGI: Alhaji, wa ka taɓa gani ya ajiye kwalekwale a inda ruwa ba ya zuwa? Awa shida ruwa na tafiya, awa shida yana dawowa. Wata ne ke jan sa. Mu kafa can sama, gindin kwakwa.

BAKANO: Kwakwa ta faɗo min a ka? Boko dai ya gama da Zage-zagi. Wata yana sama, ruwa yana ƙasa, da wace guga yake jan sa?

(Bazazzagi ya ɗauki tabarmarsa ya hau tudu. Bayan isha'i, Bakano ya yi nisa da munshari.)

BAKANO: Malam! Malam! Wa ya yi alwala a cikin tantina?

BAZAZZAGI: (daga tudu) Ɗanɗana ka ji.

BAKANO: Gishiri! Innalillahi, takalmina! Ga ɗaya can ya kama hanya!

BAZAZZAGI: Bar shi, Tekun Indiya ne. Ka sa a jira shi a Mumbai.

BAKANO: Kilishin fa? Wani abu mai ƙafa takwas da almakashi ya riƙe ƙunshin!

BAZAZZAGI: Ƙaguwa ce. Mai unguwar da ka ce babu.

(Gari ya waye. Bakano na zaune a tudu, babbar riga a shanye kan mota, takalmi ƙafa ɗaya. Yana ta lissafi da yatsu.)

BAZAZZAGI: Sai mu kama hanyar Jambiani ko? Ka haƙura da fili.

BAKANO: In haƙura? Haya zan sa shi. Awa shida mutum, awa shida kifi.

BAZAZZAGI: Kifin wa zai biya masa?

BAKANO: Masunci mana. Kai kuma kawo kuɗin kwanan jiya.

BAZAZZAGI: Ni da na kwana a tudu?

BAKANO: Fulotin wa ka kwana kana kallo?