"Da sauƙi" kaɗai ba ya kwantar da hankali

'Yan'uwa masu kira da masu turo saƙo kan jikin ɗan yayata da sanƙarau ta kama a nan Ingila, ku kwantar da hankalinku. An sallame shi, yana ci, yana takawa da ƙafarsa, yana gane kowa. Na san abin da ya sa sunan sanƙarau ke kaɗa mana hanji. Duk wanda ya yi wayo a 1996 bai manta annobar da ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka ba, ta kashe kimanin 25,000, kuma arewacin Najeriya na cikin inda ta fi ɓarna. Daga Senegal har Habasha cutar rani ce, ƙura da zafi ke rako ta, ta kwantar da unguwa guda. A nan Ingila jefi-jefi take kama mutum.

Abin da zama a nan ya nuna mini shi ne, bayani ya fi lallashi kashe fargaba. Mu in an tambaye mu jiki sai mu ce da sauƙi, ko da mara lafiya bai san inda kansa yake ba. Shi ya sa mai tambaya ba ya yarda, sai ya sake bugowa wani. Likitocin nan kuwa sukan zaunar da kai su faɗa maka komai, har abin da ba ka so ji ba. Bari in yi muku irin nasu.

Sanƙarau ba iri ɗaya ba ce. Wadda ƙwayar bairas ke kawowa galibi takan lafa da kanta. Ta bakteriya ita ce mai kisa cikin kwana guda, kuma ita ce ta kama yaron. An ɗebi ruwan ƙashin bayansa aka tabbatar, amma ba a jira sakamako ba aka fara ba shi maganin kashe bakteriya, ceftriaxone, ta jijiya. Wannan saurin ne, da ikon Allah, ya cece shi. Bayan awa 24 da fara maganin ya daina yaɗa cutar, mutanen gidan kuma an ba kowa ƙwayar kariya. Masu tsoron zuwa duba shi, babu abin tsoro.

Akwai dabarar da ake koya wa iyaye a nan: a danna kofin gilashi kan ƙurajen da cutar kan fito da su, in ba su dushe ba a garzaya asibiti. Sai dai a baƙar fata ba sa fitowa sosai. A tafin ƙafarsa uwar ta gan su, ɗige-ɗige kamar an tsira allura. A duba tafin hannu, cikin fatar ido da ganɗa. Kada ma a jira su fito in ga zazzaɓi, ciwon kai da sandarewar wuya.

Inda nake ganin an bar mu a baya shi ne bayan sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira kan fita da wata larura: kurumta, farfaɗiya, raunin tunani. A nan ana gwada jin yaro cikin mako huɗu, domin kumburin da cutar ke kawowa na iya sa cikin kunne ya daskare ya zama ƙashi, daga nan dasa na'urar ji ya yi wuya. Yara nawa ne a wajenmu aka ce sun yi taurin kai ko sun zama daƙiƙai bayan sanƙarau, alhali malamin ne ba sa ji?

A rigakafi kam ba mu da abin jin kunya. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta kusa kawar da nau'in A na bakteriyar sanƙarau, kuma a 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da Men5CV mai kare nau'i biyar.

Yaron dai har yanzu yana saurin gajiya, hayaniya na sa masa ciwon kai, wani lokaci ya yi fushi ba dalili. Likita ya ce hakan na iya ɗaukar watanni. Ku riƙa taƙaita kiran bidiyo, ku ci gaba da addu'a. Gwajin kunnensa mako mai zuwa ne, zan sanar da ku yadda ta kaya.