Kafin ki shimfiɗa tabarmar yoga, ki buɗe baki ki yi tambaya

Tun da na saka hoton tabarmar robar nan a WhatsApp wayata ba ta huta ba. Wata ta ce ashe na koma 'yar Indiya ban sanar ba. Wata ƙawata ta makaranta ta turo min doguwar murya tana yi min nasiha kada na yi wasa da imanina. Amma saƙonnin da suka fi yawa na waɗanda suka biyo ta bayan gida ne, kowacce da irin maganarta: ita ma ta daɗe tana son gwadawa, tsoro ne ya hana ta. Su nake yi wa wannan rubutu. Zai yi tsawo, mai sauri ta wuce abinta.

Ciwon baya ne ya kai ni, ba gayu ba. Zaman kujerar ofis daga safe zuwa yamma, sannan a dawo a sake zaman mota a cunkoson hanyar Nyanya, har ya kai idan na tashi daga zaman tahiya sai na dafa ƙasa kamar mai shekara saba'in. Likitan gashin ƙashi ya duba ni ya ce babu abin da ya goce, jijiyoyi ne suka ɗaure, ƙugu da ciki kuma babu ƙarfi. Ya ba ni zaɓi: ninƙaya, ko yoga mai sauƙi, ko na riƙa zuwa wajensa ina biya. Ninƙaya dai kun san ba zancenta. Shawarar tasa kuma ba daga kansa ya ƙago ta ba, domin ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta saka yoga a 2017 cikin abubuwan da ake fara gwadawa kafin magani ga mai ciwon ƙasan baya da ya daɗe.

Bari na fara da abin da ya fi nauyi, wato maganar addini, domin ba na jin daɗin yadda ɓangarori biyun suke yi da ita. Masu cewa "ai motsa jiki ne kawai, ku daina tsaurarawa" ba su faɗi gaskiya duka ba. Yoga daga Indiya ta fito, kuma a can tushenta a haɗe yake da addinin Hindu da neman tsarkake ruhi ta hanyarsu. Akwai kalmar "om" da ake ja da murya a farkon wasu azuzuwan da ƙarshensu, wadda abin tsarki ce a wajensu. Akwai jerin motsin da ake kira gaisuwar rana. Akwai haɗa tafuka a ƙirji a sunkuyar da kai. Musulmar da ta ji waɗannan ta ja baya ba ƙauyanci ta yi ba, hankali ta yi.

Kuma ba mu kaɗai muka yi wannan tambayar ba. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yoga, aka yi ta cece-kuce, har firaministan lokacin, Abdullah Badawi, ya fito ya ce ana iya yi matuƙar babu jan waɗancan kalmomin na bauta. A farkon 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe: wadda aka haɗa da karance-karancen addinin Hindu haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla ba ta shiga hanin ba. Saudiyya kuwa a 2017 ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki da ake ba da lasisin koyarwa. A Indiyar kanta, lokacin da za a yi bikin ranar yoga ta duniya karo na farko a ranar 21 ga Yunin 2015, ƙungiyoyin Musulmi sun ƙi amincewa da gaisuwar rana, kuma ba a saka ta a jadawalin hukuma na ranar ba. Har Kiristoci sun yi nasu rikicin: jihar Alabama ta Amurka ta hana yoga a makarantun gwamnati tun 1993, sai a 2021 aka ɗage, da sharaɗin ba za a ja "om" ba, ba za a yi gaisuwar "namaste" ba.

Ni ba malama ba ce, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Kowa yana da malamin da ya yarda da shi, ya je ya tambaye shi. Abin da nake roƙo shi ne a kai wa malamin bayanin abin da ake yi a ajin da za a shiga, dalla-dalla, ba sunan kawai ba. Idan kin ce masa "Malam, yoga fa?" zai ba ki amsar sunan. Idan kin ce "Malam, mata ne zalla, ana miƙe jijiyoyi ana daidaita numfashi, ba a karanta komai, ba a fuskantar komai," kin ba shi abin da zai yi hukunci a kai. Wanda kuma ya ji duk wannan ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya bari. Hanyoyin miƙe baya suna da yawa, ba a kan yoga aka saukar da lafiya ba.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu son lallashinmu da cewa "ai yoga da sallah duk ɗaya ne, ruku'u ma miƙe baya ne." A'a. Ku bar mana sallarmu a inda take. Ba don bayana ya saki nake sujada ba. Wannan magana ba ta girmama sallah ba, kuma ba ta gaya wa kowa gaskiya game da yoga ba.

Abin da na yi kafin na biya ko sisi shi ne na kira mai koyarwar. Hannuna har gumi yake yi, saboda ina jin kamar za ta ɗauke ni mai tsattsauran ra'ayi. Na tambaye ta ko akwai maza. Na tambaye ta ko ana jan wata kalma, ko akwai gunki ko hoto a ɗakin, ko akwai kyamara, ko ana ɗaukar bidiyo a saka a Instagram. Ta yi dariya ta ce ba ni ce ta farko ba, kuma ba Musulmi kaɗai ke tambaya ba, 'yan cocinsu ma suna yi. Ta ce ajin mata ne, ba ta jan komai, gaisuwar rana kuma tana sa ta a wasu ranakun, idan aka zo wajen in zauna ko in yi wani motsin da za ta nuna min. Wani wurin da na fara kira kuwa, ina yin tambayar mai amsa wayar ta ce min in zo kawai da "buɗaɗɗiyar zuciya". Ban je ba. Wanda ba zai iya gaya miki abin da ake yi a ɗakinsa ba, bai cancanci kuɗinki ba, balle jikinki.

Ranar farko na isa da wuri na ɗauki can ƙurya kusa da ƙofa, yadda idan abin ya ƙi zan sulale. Na sa wando mai faɗi da doguwar riga har gwiwa da hula mai kama kai. Shawara a nan: ki sa rigar ciki mai kama jiki ki cusa ta a wando, domin akwai motsin da ake kifa kai ƙasa a ɗaga ƙugu sama, kuma riga mai faɗi takan zazzago ta rufe fuska. Mayafi mai fil kuwa ki bar shi a jaka.

Tsorona duka a kan idon mutane yake. Na ɗauka zan tarar da 'yan mata sirara masu lanƙwashewa kamar ba su da ƙashi, ni kuma ga tumbin haihuwa. Akwai irin su guda biyu a sahun gaba, ba zan ɓoye ba. Sauran kuwa irina ne: wata ma'aikaciyar banki, wata mai jego da ta bar jariri wajen kakarsa, da wata Hajiya 'yar Katsina da ta girme ni nesa ba kusa ba, wadda ta shimfiɗa tabarmarta kusa da tawa. Minti goma da farawa na gane babu mai lokacin kallona. Macen da take ƙoƙarin tsayawa da ƙafa ɗaya, cinyarta na rawa, gumi na shiga mata ido, ba ta da sararin duba tumbin wata.

Da aka ce mu miƙe ƙafafu a zaune mu kamo yatsunmu, hannuna a ƙauri ya tsaya, ya ce nan ne iyakarsa. Na saci kallon Hajiya, ita ma a nan take. Ta juyo ta ce min ƙasa-ƙasa, "'Yar nan, kada ki kashe kanki, yatsun ba guduwa za su yi ba." Na ce, "Hajiya, ai ni ban ma hango su ba." Mai koyarwar ta zo ta miƙo mana wata igiya mai faɗi, muka zarga a tafin ƙafa muka riƙe bakinta biyu, ta ce mu lanƙwasa gwiwa kaɗan. Nan take na ji bayan cinyata yana buɗewa a hankali ba tare da ƙasan bayana ya yi ƙara ba.

Igiyar nan da ɗan bulon da ake dafawa idan hannu bai kai ƙasa ba, na ji kunyar karɓarsu da farko, kamar an ba ni kujerar 'yan aji ɗaya. Ashe wanda ya yaɗa amfani da su, B.K.S. Iyengar, yana cikin manyan malaman yoga na ƙarnin da ya wuce. Yaro ne da ya taso da ciwo iri-iri, zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka, ya koya a hannun mijin yayarsa Krishnamacharya a birnin Mysore a shekarun 1930, ya rayu har shekara 95 ya rasu a 2014. Mutumin da ya san raunin jiki ne ya kawo kayan, don marasa ƙarfi da tsofaffi su samu shiga.

Sai aka zo wani zama da ake tsugunnawa har ƙasa, diddige a manne da daɓe, gwiwoyi a buɗe. 'Yan matan sahun gaba suka fara tangaɗi, diddigensu ya ƙi sauka. Hajiya kuwa ta tsugunna daram, ta riƙa kallon kowa da mamakin wai wannan ma darasi ne. Ta ce, "A haka na yi shekara talatin ina tuƙa tuwo." Wannan ya tsaya min a rai fiye da komai. Iyayenmu da suka yi wanki a tsugunne, suka yi shara da gajeriyar tsintsiya, suka ci abinci a tabarma, ƙugunsu a sake yake. Ba ina cewa wahalar da suka sha abin sha'awa ba ce, da yawansu sun tsufa da ciwon gwiwa da na baya. Amma mu da muka koma kujera da masai na zama da injin wanki, mun ajiye wahalar mun haɗa da motsin, yanzu muna biyan kuɗi a koya mana tsugunno. Da na ba Umma labari ta ce in kawo kuɗin ta ba ni turmi da taɓarya.

Tsoron da ya kamata mu ji, wanda kuma ba mu cika ji ba, shi ne na rauni. Sabuwar shiga tana ganin ta kusa da ita ta kai goshi gwiwa, sai ta danne numfashi ta fizgi jikinta don kada a ce ta kasa. A nan ake jin ciwo. Jan jijiya mai ɗumi da ke sakewa idan kin fitar da numfashi, wannan shi ake nema. Zafi mai suka kamar allura, musamman a gwiwa ko wuya ko ƙasan baya, ko jin ƙafa ta yi sanyi tana tsira-tsira, wannan tsayawa ake yi nan take, ba jarumta. Mai hawan jini da mai ciwon hawan ruwan ido su nisanci tsayuwa a kan kai da duk abin da zai daɗe da kai a ƙasa. Mai juna biyu, da wadda aka yi wa tiyatar haihuwa kwanan nan, da mai zamewar faifan ƙashin baya, sai da izinin likita. Kuma ki gaya wa mai koyarwa ciwonki tun kafin a fara. Mu Hausawa muna da ɓoye ciwo kamar abin kunya ne, a ce "yaya jiki" mu ce "da sauƙi" alhali muna ɗingishi. Mai koyarwar da ba ta tambaye ki ko kina da wani ciwo ba, ko ta zo ta danna bayanki ba tare da neman izini ba, ki canza aji.

Kada ki cika ciki kafin ki je, ki bar kamar awa biyu tsakani. Ki nemi ajin da aka rubuta na masu farawa ne. Akwai wata iri da ake yi a ɗakin da aka ɗumama har kusan digiri 40, wai don a yi gumi. Wannan ba ta sabuwar shiga ba ce, kuma mutumin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba ya buƙatar biyan kuɗi a kanta.

Game da bayana, ba zan yi muku tallar maganin gargajiya ba. Bai warke sarai ba. Abin da ya canza shi ne ina tashi daga zama ba tare da dafa ƙasa ba, kuma barcina ya fi daɗi a daren da na je. Ƙiba kuwa tana nan, wadda take neman rage tumbi ta haɗa da tafiya da gyaran ci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma aji ɗaya na miƙe-miƙe ba zai cike wannan ba.

Ƙorafina da ya rage shi ne tsada da lokaci. Kuɗin wata ɗaya a irin waɗannan wuraren ya fi ƙarfin mace mai ƙaramin albashi, kuma duk da Turanci ake koyarwa, Hajiya sai ta riƙa kallona kafin ta san hagu aka ce ko dama. Ga 'yan matanmu da suka karanta ilimin motsa jiki da gashin ƙashi a BUK suna zaune a gida. Ɗaki ɗaya mai tsabta a unguwa, mata zalla, bayani da Hausa, babu kyamara, wallahi da sai sun rasa inda za su sa mutane. Lokacin ajin namu ma da yana cin Magariba, muna fita a tsakiya muna yin sallah a baranda. Muka haɗu mu masu sallah muka yi wa mai koyarwar magana, ta ce ba ta taɓa lura ba. Yanzu ƙarfe biyar ake farawa.